Kati Takarda Ne: Amsoshin Tambayoyinku Kan Adana Katunan Tarawa

Tambayoyin da suka taru a hannuna wannan karon duk a kan abu guda suke, wato katunan nan da ake tarawa, na 'yan ƙwallo da na wasanni irin su Pokémon da Yu-Gi-Oh! da Magic. Wasu masu tambayar sun daɗe a harkar, wasu 'ya'yansu ne suka jawo su ciki, wata kuma gado ta ci. Na taƙaita tambayoyin, na haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Malam, kusan shekara guda ke nan da na fara tara katunan 'yan ƙwallo, yanzu sun haura ɗari huɗu. Da robar ɗaure kuɗi nake ɗaure su, in zuba a kwalin takalmi. Hannuna bai da ƙarfi sosai. Me zan fara saya?

Ƙanena, kafin ka sayi komai, ɗauko almakashi ka yanke robar nan yau ɗin nan. Yanke ta za ka yi, kada ka zare, don wajen zarewa take ƙara cin gefen kati. Ni ma da ita na fara. Akwai wani ɗauri na katuna wajen hamsin da na sa a durowa, ban waiwaye shi ba sai bayan shekara uku. Ranar da na ɗauko shi, robar ta riga ta narke ta koma kamar ƙaro, ta manne a fuskar katin sama da bayan na ƙasa, ta bar layi ruwan ƙasa ya ratsa ƙirjin ɗan wasan. Na tsakiya kuwa kowanne da lotsawa biyu a gefe, dama da hagu, daidai inda ta shaƙe su. Suna nan har yau, kuma babu abin da zai mayar da su yadda suke.

Abin da nake so ka riƙe shi ne kati takarda ne. Duk ƙyallin da ka gani a fuskarsa, cikinsa falle-fallen takarda ne da aka manne aka buga wa tawada. Abin da ke ɓata littafi shi ke ɓata shi: danshi, rana, matsi da hannun mutum.

Farkon sayayyarka ita ce 'yar leda mai laushi wadda ke cin kati ɗaya. Ita ce mafi arha a duk kayan adana kati, ɗari-ɗari ake ƙunshe ta, kuma ta fi sauran aiki, domin ita ke hana kati gogar ɗan'uwansa. Ka duba jikin ƙunshin ka tabbata an rubuta cewa da robar polifurofilin aka yi ta, ko an sa haruffan PP, kuma babu PVC (wata irin roba da ke iya ɓata kati) babu asid a cikinta. Katin 'yan wasa na yau da kullum inci 2.5 ne a faɗi, 3.5 a tsawo, ledar kuma ta ɗan ɗara haka don ya shiga a sake. Wajen sawa aka fi yin ɓarna. Ka ɗan buɗe bakin ledar da yatsa, ka fara shigar da kusurwa ɗaya, sannan ɗayar, ka bar katin ya zame da kansa. In ka cusa shi da ƙarfi, bakin leda kan kama kusurwa ya ɗaye ta, kuma kusurwa ce abu na farko da mai saye ke dubawa.

Daga nan sai ka zauna ka ware su. A cikin ɗari huɗun nan, da wuya waɗanda suka cancanci a kashe musu kuɗi su wuce ashirin ko talatin. Su za ka saya wa gidan roba mai tauri, wanda masu sayarwa ke kira toploda, mai inci 3 da 4, da ake zura kati ta sama. Kada ka zura kati tsirara a cikinsa. Leda tukuna, sannan toploda, domin ƙwayar ƙura ɗaya in ta shiga tsakanin kati da roba mai tauri sai ta zana masa fuska. Kaurin toploda da lamba ake faɗarsa, kowace lamba ɗaya tana nufin kashi ɗaya cikin dubu na inci. Mai lamba 35 shi ne na kati na yau da kullum. Akwai 55 da 75 da 100 da 130 har 180 don katuna masu kauri, irin waɗanda ake dasa guntun rigar ɗan wasa a cikinsu. In ka tura kati mai kauri a na 35 ka murƙushe gefensa, in ka sa siriri a na 130 ya yi ta yawo har ya zamo waje.

Sauran leda ta ishe su, sai dogon kwalin nan da ake yi daidai faɗin kati, mai cin ɗari takwas ko fiye. A tsaye ake jera su kamar littattafai a kanta. In kwalin bai cika ba, ka cike gurbin da guntun kwali don kada su kishingiɗa su tanƙware. Kwalin takalmi faɗinsa ne matsalarsa, duk sanda aka ɗaga shi sai katunan sun zube a ciki.

Ɗana ɗan shekara goma sha ɗaya yana buga Yu-Gi-Oh! da abokansa, yana kuma da na Pokémon. Na sayo masa ledoji ya ce sun yi wa wasu katunan yawa. Ga gefen katunan duk ya fara fari. Ina tunanin in kai a yi musu lamineshin kamar takardar shaida, kowa ya huta.

Hajiya, don Allah kada ki kai su lamineshin. Da zafi da gam ake manna robar a jikin takarda, kuma ba ta fitowa sai ta ɗebo tawadar. Katin da aka yi wa haka ya tashi daga aiki a wurin masu tarawa, a wurin gasa ma ba za a karɓe shi ba, tunda kaurinsa ya sauya ana iya gane shi da taɓawa.

Yaron gaskiya ya faɗa miki. Katin Pokémon da na Magic milimita 63 ne da 88, na Yu-Gi-Oh! kuwa 59 da 86, wanda ake ce wa girman Japan. Sunan yana rikita mutane, domin Pokémon ma a Japan aka fara buga katunansa a 1996, amma shi da babban girman ya fito. Saboda haka leda iri biyu za ki saya. Ledar wasa ta bambanta da ta ajiya: ta fi kauri, bayanta a rufe yake da launi, kuma ba ta sulɓi a hannu. Ta manyan katuna takan zo da milimita 66 da 91, ta ƙanana 62 da 89. Ga katin da yake ji da shi sosai, masu wasa kan ninka leda: siririya mai kama jiki a ciki, bakinta na kallon ƙasa, sannan ta wasa a waje, bakinta na kallon sama. Ta haka ko ruwa ya zube a tebur sai ya sha wuya kafin ya kai ga takarda.

Farin da gefe ya yi ba ya gyaruwa. Ki ja masa kunne kada ya bi shi da biro ko maka don ya ɓoye, hakan ya fi farin muni a idon masu saye. Ki ƙara masa da shimfiɗar wasa mai laushi, don tsince kati daga kan tebur mai tauri da farce shi ke cinye gefe. Ledar wasa kuma tana tsufa, in ta fara tsagewa ko ta yi maiƙo a sauya ta.

Albam ya fi ko kwali? Na ga mai zobe irin na ofis, na kuma ga mai zif, na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba.

In kai mai son buɗewa ne kana kallo, kana nuna wa baƙi, albam ya fi maka, don kowane kallo a kwali sai an taɓa kati. Ni dai a ganina tara abin da ba a kallonsa bai da daɗi, shi ya sa jerin da na kammala duk a albam suke.

Tsadar mai zif tana da dalili. Albam mai zagayayyen zobe yakan naɗe shafukan farko da na ƙarshe a ƙarƙashin zoben idan an rufe, sai ƙarfen ya danne katunan layin ciki ya bar musu lotsawa. Mutum bai ankara ba sai ranar da ya karkata katin a haske. In dole sai mai zobe, ka nemi wanda zobensa ke da siffar harafin D, shi shafuka kan kwanta sosai a jikinsa, kuma kafin ka rufe ka tattaro shafukan duka gefe guda da hannunka. Mai zif ba shi da zobe sam, a ɗinke shafukansa suke, ta gefe ake zura kati, ga zif ya tare ƙura. Wanda aka fi samu aljihu tara ne a kowace fuskar shafi, yana cin kati 360. Kati ɗaya a aljihu ɗaya, da ledarsa. A ajiye shi a tsaye tsakanin littattafai. In kuwa a kwance ne, kada a ɗora masa komai.

Abin da ya fi zobe haɗari shi ne tsofaffin shafuka na PVC mai laushi. Ana zuba wa irin wannan roba wani sinadari mai maiƙo don ta yi taushi, da tafiya ta yi nisa sai ya tsattsafo ya kama tawadar kati. Hancinka zai gaya maka: shafin da ke warin sabuwar roba mai hawa kai, ko ka ji shi da danƙo a yatsa, ko ka zare kati ka ga inuwar hotonsa ta zauna a jikin aljihun, fitar da katunanka ka jefar da shi. Toploda ma da PVC ake yinsa, amma mai tauri ne wanda ba a cika masa wannan sinadarin ba, ga kuma leda a tsakani. Albam ɗin hoto mai shafi mai gam kuwa ko kusa kada kati ya je wurinsa.

Masu tara sitika na Panini, kamfanin nan na Modena a Italiya da ya fara albam ɗin Gasar Kofin Duniya a 1970, ku lura: sitikar da aka liƙa ta zama ta albam har abada. In ka samu biyu na ɗan wasan da kake so, liƙa ɗaya, ɗayar ka bar ta da takardar bayanta a leda.

Katunana masu ƙyalli sun lanƙwashe kamar kwale-kwale. In na ajiye su fuska na kallon sama, gefensu sai ya ɗago. Suna cikin leda, ruwa bai taɓa su ba. Na danne su da ƙamus mako biyu, suka miƙe, ina ɗaukewa suka koma. Jabu aka sayar mini?

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, wannan ba alamar jabu ba ce. Na ainihi ma haka suke yi. Katin ƙyalli abu biyu ne aka haɗa: fuska mai shimfiɗar roba da ƙarfe siririya, da baya na takarda. Takarda tana shan danshin iska ta kumbura, in iska ta bushe ta tsuke. Shimfiɗar ƙyallin kuwa ba ruwanta, yadda take haka take. Idan ɓangare ɗaya ya miƙe ɗayan ya tsaya, dole kati ya lanƙwashe.

Yadda ya lanƙwashe shi zai gaya maka ciwon. In gefe ya ɗago kamar yadda ka kwatanta, bayan ne ya kumbura, danshi ya yi yawa ke nan. In kuwa tsakiyar ce ta yi tozo kamar bayan kunkuru, bushewa ce ta yi yawa. Ƙamus bai taɓa dalilin ba, shi ya sa suka koma.

Sayayyar da zan ba ka shawara a kanta ita ce ɗan ma'aunin danshi mai batir, wanda bai wuce girman akwatin ashana ba. Bayan leda, ban san abin da ya kai shi amfani ba a wannan harka, amma kullum shi ake bari a ƙarshe. Mutum zai sayi gidan kati mai tsada, ya kai shi ya jingina da bangon da ke tsattsafo da ruwa. Takarda ta fi jin daɗi idan danshin iska yana tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari. In ya zauna sama da 65, fumfuna ta samu gida; in ya sauka ƙasa da 30, takarda ta bushe ta yi gautsi. Zafi kuwa wajen digiri 18 zuwa 22 ake so, amma ba kowa ke da ikon haka ba. Abin da kowa zai iya shi ne hana hawa da sauka, domin kumbura da tsukewa yau da gobe su ke gajiyar da kati.

Ka nemi akwatin roba mai murfi da ke da zagayen roba a bakinsa, irin wanda iska ba ta shiga. Ka zuba katunan da ledojinsu, ka sa ma'aunin a ciki inda za ka hango shi ta jikin akwatin, ka ƙara da ƙunshin silika jel, 'yan duwatsun nan da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na'ura. Akwai masu sauya launi in sun ƙoshi: mai ruwan lemo ya koma kore, shuɗi ya koma ruwan hoda. Ana iya gasa su a obin da ɗan zafi kaɗan su dawo aiki, gwargwadon yadda aka rubuta a jikinsu. Kada ka cika su da yawa, in ba haka ba ka juya kwale-kwalen ya koma kunkuru. Akwai kuma ƙunshi mai aiki biyu, wanda ke shan danshi in ya yi yawa ya saki in ya yi kaɗan. Mai lamba 49, wato mai riƙe danshi a kashi 49, shi ya dace da kati. Ka ba su kwanaki, har mako ɗaya ko biyu, yawancinsu za su kwanta da kansu. Dutsen guga da na'urar busar da gashi kuwa a bar su inda suke.

Sai wurin ajiya. Kada akwatin ya zauna a ƙasa, kada ya jingina da bangon waje, kada ya kusanci banɗaki ko ɗakin girki, kada a kai shi can saman kabad dab da rufi inda zafi ke taruwa, kada kuma a bar shi a mota. Kanta ta tsakiya a cikin kabad, a ɗakin da ake zama, ita ta fi. Na taɓa janye wani kwali daga jikin bango, gabansa tas kamar sabo, bayansa kuwa ya yi laushi, katunan ƙarshen layi sun yi ɗigo-ɗigo launin toka da wari irin na tsohuwar katifa. Tazarar taku ɗaya daga bangon da ta tsirar da su. Akwatin roba yana kuma tare gara da kyankyaso da ɓera, waɗanda kwali abinci ne a wurinsu. Kada ka fesa maganin ƙwari a kan kati, kada kuma ka jefa kafur a cikin akwatin, tururinsa na taɓa wasu robobi.

Sai na sa safar hannu kafin in taɓa kati?

A'a. Safar auduga tana rage ji a yatsa, zarenta kuma na kama kusurwa. Manyan ɗakunan karatu masu adana tsofaffin takardu ma hannu wankakke busasshe suka fi so. Wanke hannu, goge shi sosai, kada ka shafa mai, ka riƙe kati ta gefe, kuma abin sha ya yi nesa da tebur.

Ina da kati mai sa hannun ɗan wasan da nake ƙauna. Ina so in sa shi a firam in rataye a falo. Mai sayarwa ya ce gidan maganaɗisu, wato gidan roba mai tauri da maganaɗisu ke rufe shi, yana tare hasken rana.

Yana ragewa, Malam, bai tarewa duka. Abin da irin wannan gida ke tacewa shi ne hasken UV, wanda ido ba ya gani, amma hasken da ido ke gani ma yana koɗar da launi, sannu a hankali. Ɓarnar haske taruwa take yi, ta yau kan ta jiya, kuma ba ta komawa. Ja da rawaya su kan fara tafiya, shi ya sa tsohon hoton da ya daɗe a taga yake komawa shuɗi-shuɗi. Tawadar sa hannu takan riga ta bugu koɗewa, ga shi ita ce darajar naka katin.

Da ni ne, sai in ɗauki hotonsa mai kyau, a buga mini shi da launi, in sa a firam, na ainihin ya zauna a duhu in riƙa ɗauko shi in na yi marmari. In zuciyarka ba ta yarda da haka ba, ka zaɓi bangon da rana ba ta kaiwa ko da safe ko da yamma, ƙwan ɗakin ya zama na LED, wanda UV ɗinsa kaɗan ne in an gwada da doguwar fitila, kuma ka riƙa sauke shi bayan 'yan watanni ka rataye wani.

Gidan maganaɗisu shi ma da lambar kauri yake zuwa, ka sayi daidai da katin. Ka guji tsohon yayin nan mai sukurori a kusurwa wanda cikinsa shafe yake babu gurbin kati. Ana ɗaure shi yana matse takardar, da shekaru suka ja sai ya baje kusurwoyi, wani lokaci fuskar katin ta manne a jikin robar.

Zan sayi sef mai jure gobara saboda katunana. Ya yi?

Don ɓarawo ya yi, amma ka san halinsa. Yawancin irin wannan sef, abin da aka cika bangonsa da shi yana riƙe da ruwa, wanda zai zama tururi ya sanyaya ciki in wuta ta tashi. Saboda haka cikinsa kan yi danshi ko a ranar lafiya, ga shi a rufe ruf. Sai ka sa ma'auni da silika jel a ciki, ka riƙa buɗe shi yana shan iska. Na biyu, wanda aka yi don takardu alƙawarinsa shi ne zafin ciki ba zai wuce digiri 177 ba na wani lokaci. Takarda za ta tsira a haka, amma robar toploda tana yin laushi tun kafin a kai 100.

Abin da ba ya cin kuɗi kuma ya fi sef amfani ranar asara shi ne lissafi. Ka ɗauki hoton kowane kati mai daraja, gaba da baya, ka rubuta sunansa da shekararsa da lambarsa, ka ajiye kwafi a wani wuri dabam. In kana da inshorar gida, ka tambaye su ƙarara ko ta haɗa da kayan tarawa. Ka kuma rage nuna wa duniya abin da ke ɗakinka.

Abokaina sun ce in aika katunana a ba su maki a rufe su a roba, wai shi ne adana na gaske. Ina da wajen sittin da nake gani sun yi kyau, yawancinsu na wajen 1990.

Kada ka aika sittin. Kamfanonin da ke wannan aiki, PSA da aka kafa a Kalifoniya a 1991, da SGC da Beckett da CGC, suna tabbatar da cewa kati na ainihi ne, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a roba mai lamba. Abu huɗu suke dubawa: kusurwoyi, gefe, fuska, da yadda hoton ya zauna a tsakiya. Na ƙarshen daga ɗab'i yake zuwa, ba laifin kowa ba ne, amma yana kayar da kati. A wurin PSA, mai neman 10 sai faɗin bakin hagu da na dama a fuskarsa sun kusa zama daidai, kada rabonsu ya wuce kusan kashi 55 da 45.

Ka yi lissafi da biro. Haɗa kuɗin aikin da na aikawa da na dawowa da na inshorar hanya. Sannan ka duba nawa aka sayar da irin katin a maki 8 ko 9, ainihin cinikin da ya faɗa, ba kuɗin da mai kaya ya yanka ba. Kada ka yi lissafi da 10, kowa gani yake nasa 10 ne sai an sa shi a ƙarƙashin fitila. Katunan wasanni na ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 an buga su da yawan gaske, har yau suna nan jibge, mafi yawansu ba za su mayar da kuɗin makin ba. Wataƙila biyu ko uku ne naka za su haye. Su ka sa a leda, sannan a gida mai ɗan lanƙwasuwa irin Card Saver, ka haɗa su tsakanin kwali biyu, kada salatif ya taɓa jikin gidan.

Maganar cewa shi ne adana na gaske kuwa, da gyara. Robar tana kare kati daga hannu da lanƙwasa, amma ruwa na shiga, danshi na shiga, rana na ratsa ta. Ita ma akwatin robar nan mai silika jel za ta koma. In kuma saye za ka yi, ka duba lambar a shafin kamfanin ka gwada da katin da ke gabanka, don ana yin jabun robar ma.

Gargaɗi ɗaya: kada ka gyara kati kafin aikawa. Ba datse gefe, ba shafa launi, ba goge fuska da wani sinadari. Katin da ya fi kowane suna a wannan duniya, na ɗan wasan besbol Honus Wagner, wanda aka riƙa sawa a kwalin taba a Amurka tsakanin 1909 da 1911, yana da wani kwafi da ɗan wasan hoki Wayne Gretzky da ɗan kasuwa Bruce McNall suka saya a 1991. Shi ne kati na farko da PSA ta ba maki, ta ba shi 8. A 2013 dillalin da katin ya bi ta hannunsa tun farko, Bill Mastro, ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefensa don ya ƙara kyau. Fiye da shekara ashirin ana raɗe-raɗi kafin ta fito fili. Yau kamfanonin suna auna kati, in suka ga an taɓa shi sai su dawo da shi ba maki.

Daren jiya ruwa ya zubo ta rufi ya jiƙa kwalin katunan mahaifina, Allah ya jiƙansa. Wasu suna cikin leda, wasu sun manne da juna. Ban san darajarsu ba, amma nasa ne.

Amin, 'yar'uwa, Allah ya jiƙansa ya ba ku haƙuri. Na riga na aika miki da wannan amsar a ranar, ina maimaita ta ne don wasu, domin a irin wannan hali kwana biyu zuwa uku kawai ake da su kafin fumfuna ta kama.

Waɗanda ke cikin leda a fitar da su, leda tana riƙe ruwa. Ki tsaga ledar ta gefe da almakashi ki buɗe ta kamar littafi, kada ki ja katin, jiƙaƙƙiyar takarda ba ta da ƙarfi. Masu sheƙin fuska ki raba su tun suna jiƙe, a hankali, domin in suka bushe a haɗe sun zama dunƙule ɗaya. Ki shimfiɗa kowanne shi kaɗai a kan farin ƙyalle mai tsabta ko farar takarda mai shan ruwa, ban da jarida, tawadarta na sauka. Ki kunna fanka iska ta riƙa zagaya ɗakin ba tare da ta doke su kai-tsaye ba. Ba rana, ba guga. In sun kusa bushewa, ki sa su tsakanin fararen takardu ki ɗora littafi mara nauyi sosai, kina sauya takardun in sun yi sanyi.

In sun fi ƙarfin ki gama da su a kwana biyu, ki ƙunshe ragowar kashi-kashi a leda ki sa a firiza. Haka ɗakunan karatu ke yi wa littattafan da ambaliya ta jiƙa. Ƙanƙara ba ta busar da su, tana dai tsayar da fumfuna har ki samu sukunin fito da su kaɗan-kaɗan. Waɗanda suka riga suka bushe a manne, ki ɗan lanƙwasa dunƙulen a hankali gaba da baya. In suka saki, to, in suka ƙi, ki bar su haka, ja zai ɗebe hoton ne. Duk wanda ya yi fumfuna ki ware shi, in ya bushe ki fita da shi waje, ki rufe hanci, ki share shi da burushi mai laushi.

Za su yi tabo, wasu za su lanƙwashe, amma za ki iya riƙe su ki ga abin da ya gani. Jiƙaƙƙen kwalin ki jefar da shi. In akwai rubutun hannunsa a murfin, ki yanke wurin ki shanya shi tare da katunan.